Itacen Jego a Small Heath

Shekarun baya, a zamanin da gwamnatin ƙasar nan ta shiga tsuke bakin aljihu, ina aikin injiniya a council ɗin Birmingham, wato hukumar birnin. Albashi ya tsaya cak, ana ta sallamar mutane, mu da muka rage kuma muka koyi tafiya saɗaf-saɗaf kada a tuna da mu. Muna zaune a ɗan gidan da muka saya a Small Heath, mai ɗaki biyu a sama da matattakala siririya. Kuɗin kafin alƙalamin gidan abokina ne ya ranta min, wani likita da ke Rusholme, can Manchester. Bai rubuta ba, bai sa rana ba, bai taɓa tambaya ba. Shirun nan nasa ya fi komai yi min nauyi.

Wata Asabar cikin Agusta, rana ta fito tarwai, na zauna da takardun banki da jan biro, na ce yau sai na ga inda kuɗina ke zurarewa. Na soke tashoshin ƙwallo. Na soke kuɗin gidan motsa jiki, wanda rabona da shi tun ranar da na yi rajista. Sai na iso kan inshorar boiler, wato na'urar da ke ɗumama gida da ruwan famfo. Ɗan abu ne ake cira duk wata, in ta lalace su zo su gyara ba ka biya komai ba. Na dubi taga, na ga mutane na yawo da 'yar shara saboda zafi, na ja mata jan layi.

Matata, da cikinta na wata huɗu, ta leƙo ta ce, "Har da cover ɗin boiler? Ka tuna January zan haihu fa."

Na ce, "Shekara uku muna biya, ko tari ba ta taɓa yi ba."

Ranar na ji ni wani gwanin tattali ne da ya kamata a ba shi ministan kuɗi.

A garinmu, in mace ta yi ciki, mijinta ke tara itacen jego. Tun ciki na wata bakwai za ka ga ana jibge itace a bayan ɗaki, don kwana arba'in za a yi ana tafasa wa mai jego ruwan wanka, safe da yamma. Wanda itacensa ya ƙare kafin arba'in, ya daɗe mata na ba da labarinsa. Da surukata ta tashi tahowa jegon 'yarta, sai ta aiko da tambaya ta bakin matata, don ni da ita ba ma doguwar magana, gaisuwa ce a durƙushe, ido a ƙasa. Wai an tanadi itace? Na ƙyalƙyale da dariya, na ce a gaya wa Hajiya nan Ingila ce, ruwan zafi daga bango yake fitowa.

Ta iso da ƙullin busasshen ganyen darbejiya, matata ta sauka lafiya, muka samu 'ya mace. Kwana goma komai lafiya lau. Ran na sha ɗaya da safe boiler ta yi wani gurnani, ta yi shiru. Na danna duk abin da ake dannawa, har da Bismillah, ba ta kula ni ba.

Mai gyara ya zo ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya faɗi kuɗi. Kusan daidai da abin da ke cikin ambulan ɗin da na ɓoye a aljihun kwat, wato ragowar bashin abokina, wanda na shirya kai masa Asabar mai zuwa. Na daɗe ina mafarkin ranar nan ido biyu: in sauka daga jirgin ƙasa, mu zauna a wani gidan abinci a Wilmslow Road, in tura masa ambulan a hankali, in biya kuɗin abincin, in dawo gida ba nauyin kowa a wuyana. Sai na ce wa mai gyara zan yi shawara. Na aro ƙaramar hita wurin maƙwabci, na ce wa raina ai 'yan kwanaki ne.

Surukata ta ɗaura ɗamara. Ta sauko kicin, ta fito da duk tukwanen gidan, har da babbar da muke dafa shinkafar Sallah, ta jera su a kan wuta. Tana rungume da jaririyar, sai na ji tana mata magana, yadda take yi in tana so saƙo ya iso ni: "Ƙawata, ashe itacen bango ma yana ƙarewa."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Haka na zama mai dakon ruwa. In naɗe hannu da tawul, in ɗauko tukunya, in hau matattakala taki ɗaya-ɗaya, in ajiye a bakin banɗaki, in koma in ɗauko wata. Abin mamaki, in na tuna kwanakin nan ba wahalar nake fara gani ba. Tururi nake gani. Ya cika kicin, ya bi ni sama, ya lulluɓe tagogi har layin gidajen jan bulo da ke gabanmu ya ɓace. Ƙamshin darbejiya ya kama labule da tufafi. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya fara duhu, fitila ta zama wani rawaya-rawaya a cikin hazon, ni kuma ina tsakiyar matattakala sai in ji kamar tsakar gidanmu nake, ina ɗan shekara shida, mahaifiyata na jegon ƙanwata, ana ta iza wuta ƙarƙashin tukunya. Har muryoyin matan gidan nakan ji. Sai motar bas ta wuce a titi, in tuna inda nake.

Ran na uku da lalacewar boiler, da yamma, na hau da tukunyar ƙarshe, na tarar ƙofar ɗaki a buɗe kaɗan. Matata ta fito daga wanka, tana zaune bakin gado cikin kwat ɗina, tana shayar da yarinyar da aka sa wa hula biyu. Haƙoranta na kaɗawa, numfashinta na fita fari. A aljihun kwat ɗin nan ambulan yake. Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da aiki." Da ta ce min ai na gaya maka, da ya fi min sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na sauka na kira abokina, na fara kame-kame, wai Asabar ɗin nan da wuya in samu zuwa. Da ya gane zancen sai ya katse ni.

"Are you serious? Mai jego da jaririya kwana uku ba heating, kai kana nan kana lissafin kuɗina? Ka kira mai gyara yanzun nan. Bashi ba ya jin sanyi, malam."

Washegari aka gyara, gida ya ɗau ɗumi. Na ce shi ke nan, na huta da dako. Surukata ta tara hannu a famfo, ta taɓe baki, ta ce wa jaririyar ruwan bango ba ya shiga ƙashi. Tukwane suka koma kan wuta. Ni ma ban yi gardama ba, na ci gaba da hawa da sauka, kafin in tafi ofis da bayan na dawo, har ranar arba'in. Daga baya matata ta gaya min tana surka ruwan a ɓoye in Hajiya ta juya baya.

Bashin na biya shi bayan wata huɗu. Ba a yi wani biki ba, abokina ya karɓa ya cusa a aljihu, shi ya ma biya kuɗin abincin. Inshorar kuwa na mayar da ita tun a satin, kuma har yau in na zauna rage kashe-kashen gida, nakan tsallake ta. Na gane ba bashin ne ya matsa min ba, son in ɗaga kai ne, kuma na kusa sa matata da 'yata su biya min kuɗinsa da jikinsu.

Surukata ta rasu shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya ji ƙanta. Duk zaman da muka yi, maganar da ta fi tsawo tsakanina da ita a bakin ƙofa aka yi ta, ranar da za ta koma gida. Ina riƙe da akwatinta, idona a ƙasa, ita kuma ta karɓi yarinyar ta gyara mata hula, ta ce, "Ƙawata, ki gaya wa babanki itacensa ya kai arba'in."