Lanƙwasar da Na Ƙi Yanke wa Hukunci

Ina cikin shekarata ta biyu da kama aiki a wata ƙaramar masana'anta a Funtua, inda muke haɗa kayan gyaran injinan gurzar auduga. Ni ce mai awo. Duk ƙarfen da aka kawo daga waje sai ya bi ta teburina kafin a karɓa.

Gab da kakar auduga, wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe ya kawo mana aikin da muka ba shi daga Malumfashi: haƙarƙarin inji, wato ƙarafan da zarto ke ratsawa tsakaninsu yana raba auduga da angurya. A wuyan kowanne akwai 'yar lanƙwasa da ba ta fi yankan farce ba. Zanen da aka ba shi ya faɗi girman da'irar da lanƙwasar za ta bi, bai kuma bar wurin kuskure ba sai kamar kaurin gashi.

Na ɗauko ma'aunin lanƙwasa, mai ganyayyakin ƙarfe da ke naɗewa kamar wuƙar aljihu, kowanne da girman lanƙwasarsa. Na ɗora ganye ɗaya, na ɗaga wajen taga, haske bai ratsa ba. Na ɗora na kusa da shi, shi ma ya zauna daram. Sai na koma kan na'urar da ke haska inuwar ƙarfe a gilashi, na ɗauki ɗigo uku a jikin lanƙwasar, na yi lissafi. Da na sake, amsa ta canja. Da cikakkiyar da'ira ce, da tuni na gama. Amma guntuwa ce, ɗigon sun cunkushe wuri guda. Hannu ya ɗan goce, sai da'irar ta kumbura ko ta tsuke.

Alhaji mai masana'antar ya tsaya a kaina. Tsoronsa kada masu gurza su dawo mana da kaya ana tsakar aiki.

"Malama, sun yi ko ba su yi ba?"

"Alhaji, kayan awonmu ba za su iya faɗa ba."

"Mai awo ce ke cewa ba ta sani ba? Ai yanzu na ga kin samu awon da ya zarce iyaka. Ki rubuta ba su yi ba, ya kwashe kayansa."

"Na kuma samu wanda bai zarce ba, a jikin ƙarfen nan dai. Wanne zan ɗauka? Wanda ya fi maka daɗi?"

Dattijon, da ke zaune kan benci tun safe, ya taso a hankali.

"'Yata, rubuta abin da ya ce. Kada ki rasa aikinki saboda ni."

"Baba, ba don kai nake yi ba. Da cewa ya yi in rubuta sun yi, haka zan ƙi."

Kafin la'asar Alhaji ya mayar da ni sito, wai in je in tsare kaya tunda awo ya gagare ni. Na tafi ban ba da haƙuri ba. Mahaifiyata ta yi ta roƙona in je in durƙusa masa, na ce ban san laifin da zan ambata ba.

A siton na tarar da haƙarƙarin asali, wanda ya zo tare da injin gurza daga wurin maƙeransa, ba a taɓa ɗaura shi ba. Na samu falankin ƙarfe, na yi ta goga shi da zarto har ya kwanta a jikin haƙarƙarin, ya rungumi lanƙwasar tare da miƙaƙƙun kafaɗunta biyu. Da shi na gwada kayan dattijon ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa ni. Yawancinsu sun kwanta lafiya. Wasu sun bar haske ya ratsa, na ware su, na kira shi na gaya masa ba ɓoye-ɓoye. Ya zo ya kwashe, ya sake yin su.

Alhaji ya karɓi kayan, amma bai mayar da ni teburina ba. A sito na ƙare kakar nan, cikin ƙura da warin giris. Da damina ta kawo kai ya aiko direbansa ya ce in koma teburina. Na ce a gaya masa zan koma, amma duk ranar da aka sake kawo guntuwar lanƙwasa, amsar da ya ji ita zai sake ji.