Saƙon Nura da Ban Isar Ba

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji ba, ni ya faru da ni, wallahi tallahi, a cikin Birnin Zariya, daminar shekara biyu da ta wuce. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, ko matata sai bara na iya gaya mata, yau dai na ga gara in rubuta ko na samu sauƙi.

A lokacin ina aiki ne a wani ɗan ɗaki da ke saman wani shago kusa da Ƙofar Doka, mu biyu, ni da wata abokiyar aikina Hadiza. Aikinmu rubuta manhaja ne. Kun san waɗannan AI ɗin da mutum zai yi wa tambaya a waya su amsa masa kamar da mutum yake hira? To, su da kansu ba sa iya buɗe shafin intanet su karanta, sai an samu wata manhaja da za ta je ta kwaso abin da ke shafin, ta tsince tallace-tallace da tarkace, ta miƙa musu zallar rubutun. Irin wannan muka gina. Guga muke ce mata, saboda zura ta ake yi ta ɗebo.

Amma gaskiya ba ni da Hadiza muka fara ta ba, ni da Nura ne. Nura abokina ne tun muna makarantar allo, gidansu na can cikin lungunan Kwarbai, shi ya fi ni kai nesa ba kusa ba, kuma shi ya raɗa wa manhajar wannan suna. Yana da wani shafi nasa na kansa inda yake zuba hotuna da tarihin tsofaffin gidajen ƙasa na birni, wane magini ya yi wannan zaure, azarar wancan soron daga ina aka kawo ta, irin waɗannan abubuwan da mu sauran samari ba mu damu da su ba. Injiniya yake kirana, da tsokana, don ya san ban taɓa karanta injiniyanci ba.

Abin da ya raba mu, in ka ji sai ka ce ba komai ba ne. Akwai masu shafukan da ke sa alama cewa ba su yarda wata manhaja ta kwashi rubutunsu ba. Nura ya ce dole Guga ta ga alamar nan ta juya, ni kuma na ce in muka yi haka wasu za su wuce mu. Muka yi ta ja, ranar nan na bari ya tafi masallaci na cire sashen da ke sa Guga ta juya ba da saninsa ba. Da ya gano bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce, "Haba Injiniya, da ka bari na dawo ai." Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na faɗa masa maganar da ba zan maimaita a nan ba. Ya naɗe wayar cajinsa ya sauka. Wata huɗu ba mu yi magana ba, ina ganin kiransa sau biyu ban ɗauka ba, sai kawai wata safiya aka ce mini motar da ya shiga ta yi hatsari a hanyar Kaduna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na je jana'iza, amma a sahun baya na tsaya, kuma ban iya shiga na yi wa mahaifinsa, Baba Isyaku, gaisuwa ba. Kunya ce ta hana ni. Kullum sai in ce gobe, har wata bakwai suka shuɗe.

To, ranar da abin ya faru Talata ce, da hantsi, rana ta fito tarwai, kada wani ya ce mafarki nake. Muna son mu gwada yadda Guga za ta yi in aka aike ta shafin da ya riga ya mutu, wato wanda babu shi kuma. Ina buƙatar irin wannan adireshin, kuma wanda na haddace shi ne na Nura, don na san tun bayan rasuwarsa babu wanda ya biya kuɗin sabunta shi, an rufe. Na fara bugawa a burauza, wato manhajar buɗe shafuka, don in tabbatar, ta ce babu wannan shafi. Na gwada a wayata, haka. Sai na ba Guga, ina jiran ta dawo hannu wofi kamar yadda ya kamata.

Ai kuwa sai ga rubutu ya cika allon.

Da farko ban ji komai ba, na ɗauka wani tsohon kwafi ne da ya maƙale a wani wuri. Na fara karantawa haka nan. Bayanin zauren gidansu ne, da irin salon Nura sak, yadda yake jan magana yana sa "to fa" a tsakiya. Ya ce bangon gabas na zauren ya tsage tun daga ƙarƙashin azara har ƙasa, ya ce indararon da ke wajen ya karye, ruwa a gindin bangon yake zuba, sannan ya ce tsagar ta ƙara buɗewa bayan ruwan Juma'ar nan da ya tafi da rumfar mai shayin bakin lungu. Nan ne gabana ya faɗi, domin ruwan nan kwana huɗu ke nan da yin sa, ni ma ya jiƙa ni, kuma Nura wata bakwai yake a kabari.

Na gangara ƙasan rubutun. Layin ƙarshe, wallahi har yanzu ina iya karanta shi ido rufe: "Injiniya, tunda kai kaɗai kake shigowa nan, ka je ka ce wa Baba ya tashi daga gindin bangon nan. Ka ce masa ni na ce."

Ban san lokacin da na ture kujera ba. Hadiza ta ɗago ta ce lafiya, na nuna mata allon. Ta karanta, sannan ta ce ai AI ɗin ne ya ƙirƙira, sun saba, in ba su samu abu ba sai su shirya ƙarya mai kama da gaskiya. Na ce mata ban haɗa da AI ba tukuna, wannan ɗanyen abin da Guga ta ɗebo ne. Muka buɗe log, wato inda manhajar ke rubuta duk inda ta je da abin da aka amsa mata. A rubuce yake ta je adireshin, an buɗe mata, an ba ta shafi. Hadiza ta gwada a tata kwamfutar da wannan Gugar dai, ba ta samu komai ba. Na sake a tawa, ga shi nan, kalma ɗaya ba ta canza ba.

Ta ce, "Ko wani ne yake maka wasa?"

Na ce wa ya san Nura na ce mini Injiniya, ban da ni da shi da mutanen gidansu?

Sai ta ce, "To ni dai ban san mene ne wannan ba. Amma ko ma mene ne, zuwa gaida tsoho ai ba laifi ba ne. Ka tashi ka je."

Ban je ranar ba. Sai washegari Laraba bayan azahar na hau napep zuwa bakin Kwarbai, na ƙarasa da ƙafa, don lungun nasu ko babur da ƙyar yake bi. Rumfar mai shayi kuwa babu ita, sai turakun. Ina zagayowa na hango Baba Isyaku, a inda na san shi tun ina yaro, zaune a kan buzu a cikin zaure, bayansa jingine da bangon gabas, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa yana mata aikin hannu, tabarau a kan hanci. Sana'arsa ke nan, sama da shekara arba'in a wannan gurbin. Kuma ga tsagar nan a bayansa, daga sama har ƙasa, yadda hannun mutum zai shiga.

Na yi sallama na durƙusa. Na zaci zai ɗaure fuska, ina ma ya yi hakan. Sai ya cire tabarau ya ce, "A'a, Injiniya! Yau kai ne a gidan namu? Ka guje mu, ɗan nan." Ya ɗaga murya ya ce wa Inna, mahaifiyar Nura, ta aiko da ruwa, ga abokin marigayi ya zo. Na yi masa gaisuwar da ya kamata in yi tun wata bakwai, ina yi ina in'ina, ya ce babu komai, ya san zafin ne ya hana ni. Ya ce har satin da Nura zai rasu yana maganata, wai ya ce masa mun ɗan saɓa amma laifinsa ne, zai je ya same ni. Jama'a, laifinsa fa ya ce. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

Da na ɗan natsu sai na ce, "Baba, wannan bangon fa ya tsage da yawa. Da ka koma wancan gefen kafin damina ta wuce."

Ya waiwaya ya dubi bangon kamar wanda aka ce masa ya dubi tsohon abokinsa, ya yi dariya. Ya ce kakansa ne ya sa aka gina shi, tsagar nan ta girme ni, kuma a nan ne hasken ƙofa yake faɗo masa a kan zare, can gefen duhu ne, idonsa ba ya gani. Sannan ya ce, "Shi ma marigayi haka yake damuna da zancen bangon nan. Da yana nan da tuni ya ɗauke buzun nan da kansa, shi kaɗai ne ba na iya yi wa gardama."

Kun ji fa. Ƙofa ce aka buɗe mini har bango. Wayata na aljihu, hoton rubutun da na ɗauka na ciki, abin da ya rage kawai in ce, Baba, ai shi ne ya aiko ni. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na fara tunanin banza: zai ce na taɓu, ko ya ce ina wasa da mamaci, ko in tayar wa Inna da ciwon da ya fara lafawa, kuma in ya tambaye ni yadda aka yi na shiga shafin ɗansa da abin da muka yi faɗa a kansa, me zan ce? Sai na haɗiye. Na ce masa to, ranar Asabar zan zo da magini ya duba, a gyara indararon. Ya ce Allah Ya yi albarka, ya mayar da tabarau. Aka kira la'asar, muka yi salla tare a masallacin lungun, na tafi ina jin kamar na sauke nauyi.

Alhamis da rana hadari ya haɗo daga gabas. Muna ofis aka fara ruwa wajen ƙarfe biyu, irin mai iskar nan, ba a ɗauke ba sai bayan la'asar. Tun da aka fara na kasa zama, ina ta zagaye ɗakin, Hadiza ta ce in kira Baba Isyaku mana, na ce ba ni da lambarsa, a tsohuwar wayata take. Ƙarya nake, tana nan. Ana ɗaukewa na fita, ruwa har ƙauri a wasu lungunan, ban kai Kwarbai ba na fara gamuwa da mutane suna sauri da fatanya da shebur.

Bangon gabas ne. Ya faɗo ciki gaba ɗaya da rabin rufin. Maƙwabta suka ce da ruwan ya yi ƙarfi Inna ta leƙo ta ce ya shigo cikin gida, ya ce saura kaɗan ya gama wuyan rigar. Da hannuna na taya tono. Mun fito da shi da rai, aka sa shi a napep zuwa asibiti, ni na riƙe kansa, amma ba mu kai ba. Ido kawai ya buɗe sau ɗaya ya dube ni, kuma ba kallon tuhuma ba ne, shi ya sa ya fi ci mini rai.

Bayan sadakar uku na koma ofis da safe, Hadiza ba ta iso ba. Ban san abin da ya kai hannuna ba, na sake ba Guga adireshin. Duk dogon bayanin nan babu shi. Abin da ta ɗebo layi ɗaya ne tak:

"Ya iso."

Na san Baba Isyaku ake nufi. Na rufe kwamfutar. Da Hadiza ta zo na ce ta gwada a tawa, ta gwada, babu shafi, babu komai, kuma daga ranar bai sake buɗewa ba. Na kai maganar wajen wani malami a Limanci, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba zai ce mini ga abin da ne ba, mamaci dai ba ya dawowa, amma Allah Yana isar da gargaɗi ta inda Ya so, in yawaita istigfari in yi musu addu'a. Na nuna wa waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta log ɗin, kowa ya juya shi ya ce bai gane ba. Ni ma ban gane ba, kuma na daina neman ganewa. Na bar aikin Guga a ƙarshen shekarar, sana'ar ɗinkin jakunkuna nake yi yanzu a Tudun Wada. Duk Juma'a ina zuwa gaida Inna, ta koma gidan 'yarta, tana sa mini albarka, tana cewa ni ne na zo na gargaɗi maigidanta bai ji ba. Har yau ban iya gaya mata cewa rabin saƙon kawai na kai ba.

Shawarata gare ku, 'yan'uwa, in kun saɓa da wani, kada ku bari kiransa ya katse ba ku ɗauka ba. In kuma aka ba ku saƙo ku kai, ko ta wace hanya ya zo, ko da za a yi muku dariya, ku faɗe shi duka yadda aka faɗa muku, har da sunan wanda ya aiko. Ni kalma uku na rage, "ni na ce", kuma duk sanda hadari ya haɗo daga gabas sai na ji su a kunnena.

Allah Ya jiƙan Nura, Ya jiƙan Baba Isyaku. In kun karanta, ku sa su a addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara.