Gadar da Ban Zana Ba

Wata bakwai na yi ina haɗa gem ɗin nan a tsohuwar kwamfutata, in na taso daga siton da nake aiki a Idu. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗan mutum ne zai tsallaka titin Nyanya a guje tsakanin motoci. In mota ta kwashe shi sai ya yi sama, takalminsa ya fice, a ji "ƙwal!" Wallahi faɗuwar nan ita na fi alfahari da ita.

Ranar da na buɗe shafin da zan riƙa ba da labarin aikin, ɗoki ya hana ni tunani. Da hutun azahar na rubuta bayani, na ɗora gem ɗin, na tura adireshin a gurup ɗin gidan hayarmu na Jikwoyi, na ce kowa ya gwada.

Sai da yamma, muna cikin bas a gosulon Nyanya, ina kallon mutane suna ratsa titi ga gada a kansu, kwatsam na tuna. Mama. Matar nan 'yar Filato mai suyar ƙosai a ƙofar gidanmu, wadda nake bar wa makullina, wadda ta yi jinyata da na yi taifot. A daidai nan tirela ta take mijinta. Kuma tana cikin gurup ɗin.

Na zaro waya in goge, ashe caji ya ƙare. Na roƙi na kusa da ni aron tasa in sauke shafin, ya dube ni sama da ƙasa ya kau da kai. Na zagi kaina, na zagi direban da bai yi min komai ba. Tsoro nake ji, tsoron haɗa ido da ita.

Na isa gida ana kiran magariba. Kaskonta na kan wuta, mai sai hayaƙi yake, ba ƙosai ko ɗaya a ciki. Tana kan benci, waya a hannu. Ina tsaye na ji "ƙwal!" Ta sake dannawa.

Na durƙusa na ce ta yafe mini, yanzu zan sauke abin. Ba ta ɗago ba.

"Ɗana, tun la'asar nake fama, ya ƙi ƙetarewa," ta ce. "Ina ake dannawa ya hau gada?"

Ban zana gadar ba, don a ganina in da ita wasan ba zai yi daɗi ba.