Issoufou, Mai Kiwon Tsaka a Ulaisha

Kullum da hantsi Malam Issoufou yana buɗe ɗakin baya na wani shagon dabbobi a unguwar Ulaisha, a nan ƙasar Larabawa, ya bi akwatunan gilashi ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa don jin ɗuminsu. Tsaka yake kiwo, irin wadda masu sha'awa ke saya su ajiye a gida. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya baro Maradi, wata mai zuwa kuma zai koma gaba ɗaya.

Abincin kyanwa nake zuwa saya, sai in tsaya daga gefe ina saurare. A bakinsa na ji cewa tsaka iri-iri ce. Mai ɗigon damisa 'yar busasshiyar ƙasa ce, tana ƙifta ido, tana cin gyare, ba ta iya hawa gilashi. Mai tukku kuwa daga dajin tsibiri mai laima ta fito, kunun 'ya'yan itace take lasa, zafi kaɗan ya kashe ta.

A watan Agusta na 2016, da rana tsaka, mukayyif ɗin shagon, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu. Mai gyara ya ce sai gobe. Kafil ɗin Issoufou, wato ubangidansa mai shagon, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tsaka 'yar zafi ce. Amma masu tukku ashirin da shida sun riga sun fara buɗe baki. Issoufou ya kira Basiru, direba Bakano, wanda shi ya ba ni wannan labari.

"Buzu, tsaka zan ɗauka a motata? A garinmu da takalmi ake gaishe ta!"

"Alhaji Basiru, amana aka ba ni. Yalla, yi maza, kunna sanyi."

"In ta tofa min yawu fa?"

"Shekara goma ina tare da su, ƙirga yatsuna."

Wuri ɗaya Issoufou ya sani mai sanyi: ɗakin da yake kwana da 'yan garinsu bakwai a unguwar Jaradiya. Da motar ta iso da akwatunan, 'yan ɗakin suka tare ƙofa. Dattijonsu ya ce ɗaya ne zai kwana a ɗakin, ko dai tsaka, ko Issoufou. Issoufou bai yi musu ba. Ya fito da katifarsa tsakar gida, cikin rana, ya ce, "Baba, wurin kwanana na ba su, ni na fita." Dattijon ya kalli katifar, sannan ya matsa daga ƙofa.

Har washegari Issoufou yana fesa wa tsakokin ruwa, yana juya jiƙaƙƙen tawul a kan akwatunan. Ko ɗaya ba ta mutu ba.

Malam Issoufou, kai ne ka zauna ka koyi halin dabbar da aka raine mu a kan ƙyamarta. Ba ka taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma ka san wadda ke son yashi da wadda ke son raɓa. An yi maka dariya a kasuwar Batha, an ƙi cin abinci da kai kwano ɗaya, ba ka fasa ba.

Mun gode, Allah Ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage, kowa akwai abin da aka damƙa masa, ko mota, ko mabuɗi, ko rai. Mu san shi yadda Issoufou ya san nasa, don ranar da mai abin zai ɗaga kafaɗa, a samu wanda zai tsaya.