Hular Juma'ata da Injiniyar Zariya

A shekarun da soja suka koma bariki, Abuja na ta tsiro da benaye, ni masinja ne kuma mai shara a wani kamfani a Jabi. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Daga Masaka nake shigowa kullum, kuma abin alfaharina a duniya ɗaya ne, hulata ta zuwa Juma'a.

A kamfanin akwai ɗaki mai sanyi da aka jera manyan kwamfutoci, makullinsa na hannuna saboda shara. Na lura bayan wata kwamfuta na huro iska mai ɗumi, na ce ai ga rana har cikin ɗaki. Duk Alhamis in na wanke hular sai in kifa ta a bakin fankar da ke huro iskar, kafin la'asar ta bushe ƙayau.

Ashe makon da na fara shanyar, a shi wata injiniya 'yar Zariya ta sa sabuwar manhajar da ta rubuta, mai duba zafin kwamfutocin ta kashe duk wadda ta ɗau zafi kafin ta ƙone. Kwamfutar ta fara mutuwa ana tsakar aiki. Oga ya ce da tsohuwar ba a taɓa haka ba, ya ba ta wata guda ta gano matsalar ko ta ajiye aiki. Baiwar Allah ta dinga warware gyaranta ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, har idonta ya faɗa. Makon da ta mayar da tsohuwar manhajar, ciwon baya ya kwantar da ni, babu wanki balle shanya. Kwamfuta lafiya lau. Kowa ya ce laifinta ne.

Da na dawo ta tare ni a matakala, ta kira ni Baba, ta tambaya ko akwai abin da ake yi a ɗakin ranar Alhamis. A take na gane hulata ce ke toshe iskar har kwamfutar ta ɗau zafi. Na ce mata ni Alhamis azumi kawai na sani, ni da ko na Ramadan da ƙyar nake kai shi. Na daina shanya, kwamfutar ta ci gaba da aiki lafiya da tsohuwar manhajar, hakan ya ƙara tabbatar wa oga maganarsa. Aka sallame ta.

Bayan shekaru muka haɗu a tashar Jabi, na rusuna na faɗa mata komai. Ta yi murmushin gajiya, ta ce ai ta tsinci koren zare a fankar, kuma hula mai koren zare ɗaya ce a kamfanin. Ta ce ta san yawan iyalina, shi ya sa ta jira in faɗa da bakina, ko oga ya sassauta mini.

Shanya hula wauta ce, ta tsoho marar boko. Shirun da na yi shi ne zalunci. Don Allah, duk wanda ya ga ana neman laifinsa a jikin wani, ya buɗe baki tun mutumin na kan kujerarsa. Hular tana nan a ƙasan akwati. Da wata fara ƙal nake zuwa masallaci yanzu.