Ranar da Aka Yi Gwanjo da Muryata

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da aka yi gwanjo da muryata. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ni ke riƙe da zauren WhatsApp na mata masu sayar da shinkafa a kasuwar Malanville. Yawancinmu ba mu yi boko ba, da murya muke aika saƙo. In sabon kaya ya sauka, ni ke zuwa in duba in faɗa musu, kuma abin da na ce shi ke nan.

Sai aka sako mana wani mutum, surukin wata dattijuwa da ke cikinmu. Ba shi da aiki sai turo hotuna: firji, keken ɗinki, injin ban-ruwa, wai kayan da duwan, wato kwastan, suka kama ne za a yi gwanjonsu a intanet, mai so ya tura kuɗi ta waya a ajiye masa. Safe talla, rana talla, har sanarwar rasuwa sai ta nutse ƙarƙashin firjinsa. Mata suka yi ta cewa in fitar da shi. Ni kuwa sarauniyar kara, na ce da wane ido zan kalli surukarsa? Na bar shi.

Wata ranar kasuwa ina tsakar awo, sai ga wata mai noman albasa daga Toumboutou, mijinta bai daɗe da rasuwa ba. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta miƙo min waya. Hoton injin ban-ruwa ne, a ƙarƙashinsa kuma muryata raɗau: “Na gani da idona, kaya masu kyau na, wanda duk ya saya ba ya da-na-sani.”

Maganar da na yi ce a kan shinkafar Madécali. La'anannen ya ɗauke ta ya liƙa wa tallarsa, ya watsa a zauruka har Gaya.

Ta ce, “Hajiya, wagga ba muryakki ba ta? Ni ban san shi ba, ke na sani. Sai da na ji ki kana na sai da saniyata na tura mai kuɗin, ga shi ba inji ba labarinai.”

Na bar buhuna a buɗe na nufi gidan dattijuwar. Mutumin tuni ya tsallake gadar iyaka ya bar ƙasar. Ita kuma abin da ta iya ce min shi ne, “Ɗiyata, ki ruhwa muna asiri.” Asiri! Na ce, “Inna, ruhin asirinku shi ya ci saniyar marayu.” Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Na fitar da shi daga zauren, na yi saƙo na warware komai. Amma albasar matar nan ta bushe a wannan rani. Da sabuwar shinkafa ta sauka na duba na faɗa kamar kullum, sai na ga mata sun taso ɗaya bayan ɗaya suna zura hannu a buhu da kansu. 

Abin da na koya shi ne, karar da ka yi wa macuci ba kai kaɗai ke biyanta ba. Ni na ji kunyar tsohuwa ɗaya, wasu marayu suka kwana da yunwa.