Ulamila Cavuilati, Nas ta Tsibirin Vatuloa

Haihuwa da asali

An haifi Ulamila Cavuilati ranar 9 ga watan Maris na shekarar 1959 a ƙauyen Nukuvou da ke tsibirin Vatuloa, cikin tsibiran Lau na ƙasar Fiji. Mahaifinta, Isikeli Cavuilati, masassaƙin kwalekwale ne kuma mai wa'azi a cocin ƙauyen, mahaifiyarta Makereta kuwa ta yi suna wajen saƙar tabarmin biki. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

Karatu

Ta fara karatu a makarantar ƙauyensu a shekarar 1965. A 1972 aka sa ta a jirgin ruwan da ke ɗaukar busasshiyar kwakwa zuwa Suva, babban birnin ƙasar, inda ta zauna a hannun gwaggonta har ta kammala sakandare. Ta shiga makarantar koyon aikin jinya a 1977, ta fito da shaidar ƙwarewa a 1980, ta kuma ƙara da ilimin ungozoma bayan shekara biyu.

Aiki da aure

Ta fara aiki a sashen yara na asibitin Lautoka, daga baya aka mayar da ita ɗakin haihuwa a Labasa. A can ne ta haɗu da Semesa Naulumatua, malamin firamare ɗan asalin Kadavu, aka ɗaura musu aure a watan Disamba na 1984. A shekarar 1992 hukuma ta tura su biyun Vatuloa, shi ya kama shugabancin makaranta, ita ta karɓi ɗakin shan magani, wanda ita kaɗai ce ma'aikaciyarsa.

A wancan zamani iyakar ikon nas shi ne wanke ciwo, rigakafi, karɓar haihuwa da ba da maganin da likita ya ambata ta rediyon oba-oba. Likita kuwa ba ya zuwa tsibirin sai an daɗe, in teku ta yarda. A 1997 wata ɗalibar mijinta mai suna Losana, 'yar shekara tara, ta yi ta fama da ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi, yana tafiya yana dawowa, har numfashi ya fara gagarar ta. Kafin a kai ta Suva zuciyarta ta riga ta lalace, ta rasu a asibiti. Likitan da ya duba ta ya bayyana wa Ulamila cewa akwai sautin da irin wannan zuciya take yi tun da wuri, kuma allurar wata-wata takan kare yaro idan an gane. Ba a taɓa koya mata sauraron wannan sauti ba. Daga ranar ta ƙudurta neman iliminsa.

Komawa makaranta

Bayan rikicin siyasa na shekarar 2000, ma'aikatan jinya da malamai masu yawa suka yi hijira zuwa ƙetare, ita ma aka yi mata tayin aiki a Auckland. A daidai lokacin ne aka sanar da ita cewa ta samu gurbi a wani horo na musamman da ake ba gogaggun ma'aikatan jinya, wanda ke ba su izinin duba marar lafiya, gano cutarsa da rubuta masa magani, domin su riƙe lafiyar iyalai a wuraren da babu likita. Mijinta ya fi karkata ga hijira saboda karatun 'ya'yansu.

An ruwaito cewa ya ce mata: “Ula, kowa yana ɗaure kayansa, ke kina neman allo da alli? Da shekara arba'in da ɗaya?”

Ta ce: “Malam, mutanen Auckland ba su san da ni ba, balle su yi kewata. Nan kuwa in na tafi, wa zai saurari ƙirjin yaran ajinka?”

Ranar da ya amince, abin da ya faɗa shi ne: “To, je ki. Amma ki sani 'ya'yanki za su shekara suna cin ƙonannen rogo.”

Ta koma Suva a farkon 2001, tana daga cikin mafi yawan shekaru a ajinsu. Ilimin haɗa magunguna ya ba ta wuya ƙwarai, har sai da ta maimaita jarrabawarsa, amma a duba marasa lafiya malamanta sun yi mata kyakkyawar shaida. Ta koyi sauraron zuciya da huhu, ɗinkin rauni, kula da masu ciwon suga da hawan jini, da kuma sanin lokacin da ya wajaba a nemi jirgi ba tare da jinkiri ba. Ta kammala a 2002, ta roƙi a mayar da ita Vatuloa.

Shari'ar ƙofar ɗakin magani

Da ta dawo sai ta tarar da wata matsala wadda makaranta ba ta ambata ba. Mata da yara sun yi ta zuwa, amma maza suka ƙaurace, domin bisa al'ada namiji ba ya zama wuri ɗaya da 'yar'uwarsa, ba ya yi mata magana kai tsaye, balle ya buɗe mata jikinsa, kuma rabin mazan tsibirin 'yan'uwanta ne ta wajen uba. A da sukan daure har likita ya zo. Yanzu an daina turo likitan, tunda tana nan.

Taubashinta Viliame ne kaɗai ke shiga yana zolayarta: “Likitar mata, yau ma ba ciniki? Ki rubuta mini maganin talauci mana, tunda an ba ki biro.”

Takan ce: “Kawo hannu tukuna, mu ga ko giyar jiya ta bar jini a jikinka.”

A watan Agusta na 2003 matar Jope, yayan Ulamila, ta zo mata a asirce, ta ce wani gyambo yana cin ƙafar mijinta, har ya fara wari, kuma ya hana a faɗa. Ulamila ba ta tunkare shi ba, domin ta san kunya za ta sa ya gudu gona. Sai ta sayi saiwar yaqona, wadda ake kai wa manya gaisuwa bisa al'adarsu, ta sa Viliame ya yi mata jagora zuwa gaban sarkin ƙauyen, Ratu Aisea, da dattawansa. Ta zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ta ce: “Ranka ya daɗe, ban zo rusa al'ada ba, a cikinta aka raine ni. Aron ɗaki ɗaya kawai nake roƙo. Idan ba haka ba, zan riƙa binne 'yan'uwana da ladabi alhali maganinsu yana cikin kabad ɗina.”

Dattawa sun yi muhawara mai tsawo, wasu suna ganin wannan ƙofa ce da in an buɗe ba za ta rufu ba. A ƙarshe Ratu Aisea ya yanke hukunci cewa daga bakin ƙofar ɗakin magani zuwa ciki Ulamila ba 'yar'uwar kowa ba ce, vuniwai ce, wato mai magani. Daga ƙofar zuwa waje kuwa al'ada tana nan daram. Shi da kansa ya fara shiga aka auna jininsa, Jope ya biyo baya. Ta gano yana da ciwon suga, ta wanke gyambon, ta ɗora shi a kan magani, ta aika da shi Suva a jirgin farko. An cire masa yatsun ƙafa biyu, amma ƙafar ta tsira, ya rayu har 2019. A cikin ɗakin sukan yi hira da dariya. A hanya kuwa, har ya bar duniya, in sun haɗu sai kowa ya kauce wa ɗan'uwansa yadda aka saba.

Tun daga wannan shekara ta riƙa zagaya makarantu tana sauraron ƙirjin kowane ɗalibi, ta gano yara da dama masu ciwon zuciya tun yana ɗanye, ta tsare musu allurarsu har suka girma.

Koyarwa da ritaya

A 2009 aka kira ta Suva ta shiga sahun masu koyar da wannan horo. Ɗalibanta sun san ta da tsanani, da kuma cewa ba ta barin kowa ya taɓa biro kafin ya gama sauraron marar lafiya. Ta yi ritaya a 2014, suka koma Nukuvou ita da mijinta, tana noman gwaza tana jagorantar ƙungiyar matan coci.

Rasuwa

Ta rasu a gidanta ranar 21 ga watan Yuli na 2023, tana da shekara sittin da huɗu, bayan jinyar ciwon ƙoda. Wadda ta kula da ita har ƙarshe ita ce Torika Vakaloloma, tsohuwar ɗalibarta da ke riƙe da ɗakin maganin Vatuloa. An naɗe ta cikin tabarmi da farin ƙyallen ɓawon itace, aka yi mata addu'a a cocin Nukuvou, aka binne ta kusa da iyayenta.

Ta bar mijinta Semesa, jikoki bakwai, da 'ya'ya huɗu: Isikeli, injiniyan jirgin ruwa, Makereta, malamar sakandare a Nausori, Sailosi, manomi a Nukuvou, da Asenaca, akawu a Suva. Babu ɗaya daga cikinsu da ya bi aikin jinya. An taɓa tambayarta ko hakan yana damunta, ta ce: “Waɗannan haihuwarsu na yi. Magadana suna can warwatse a tsibirai, kowa da mabuɗin ɗakinsa.”